Zainab da Isabella: Matsayin Mace a Labaran Ban Tsoro

A cikin adabin Ingilishi akwai wani irin ƙagaggen labari da ake kira Gotik, wanda masana suka ce ya soma da The Castle of Otranto na Horace Walpole a shekarar 1764. Alamominsa sanannu ne: tsohon gidan sarauta mai duhu, da fatalwa, da azzalumin maigida, sa'an nan da yarinya wadda ba ta da mai tsaya mata. A littafin Walpole, ɗan Manfred guda ɗaya ya mutu ran aurensa, sai uban ya ƙudura sakin matarsa Hippolita domin ya auri amaryar, watau Isabella, ko ya sami magaji. Ba ƙaunarta yake yi ba, ɗan da za ta haifa yake so.

Wanda ya karanta Jiki Magayi, na John Tafida da R. M. East, wanda aka buga a Zariya bayan gasar rubutu ta 1933, lalle zai ga kamar ya san wannan magana. Malam Shaihu attajiri ne, yana da mata amma ba shi da ɗa, shi ya sa ya ɗora ido a kan Zainab, wadda kowa ya san ta Abubakar ce. Ba a cewa marubutan nan sun kwaikwayi Walpole. Abin da ya haɗa labaran biyu shi ne neman magaji, wanda ya mai da mace hanyar samun ɗa kurum.

Amma wurin da suka rabu ya fi muhimmanci. Manfred jikin Isabella ya nemi tsarewa, zuciyarta kuwa tana hannunta, har ta gudu ta wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa ta fake a majami'a. Zainab ba a sa mata kuba ba. Dukiya da magani aka yi aiki da su har ra'ayinta ya juya. Wanda aka kulle a ɗaki yana iya neman taga, amma wadda aka juya wa zuciya ina za ta gudu? Maganin ya wanke Zainab daga laifin cin amana, gaskiya ne, sai dai ya wanke ta ne ta hanyar raba ta da nufinta. Tun daga nan labarin ya koma na maza uku. Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, sammun da ya samo ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, yaron ya zama ɓarawo, ƙarshe ya kashe ubansa ba da sani ba. Littafin ya lissafa cutar da aka yi wa Abubakar filla-filla. Ita kuwa wadda aka raba da masoyi, aka lalata mata ɗa, aka kashe mata miji, ba a tsaya a kan tata asarar kamar haka ba. Wannan rauni ne a littafin, ko da yake ya fi sauran littattafan zamaninsa shiga zuciyar mutum.

Harshen kansa yana da hannu a ciki. Namiji shi ke aure, budurwa kuwa a aurar da ita, a ba da ita, a kai ta. Wannan “a” ɗin ba ya faɗin mai aikin, saboda haka ba a san wanda za a tuhuma ba.

Tatsuniya ta riga littafi zuwa nan. A ƙauyukan yammacin Kano, irin su Dugabau ta ƙasar Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, yara sun san labarin budurwar da ta ƙi samarin garinsu, ta zaɓi wani kyakkyawan baƙo, ashe Dodo ne ya rikiɗa. Ita dai ta yi zaɓi da kanta, amma zaɓin ne ya kai ta bakin halaka, kuma sau da yawa wani ɗan'uwa ne ke zuwa ya fid da ita. Malamin da ke koyar da Jiki Magayi a kwalejin horon malamai zai amfana in ya ajiye shi kusa da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), inda aka ba da labarin auren dole daga ɓangaren yarinyar da aka yi wa.