Ma'anar Fari a Cikin Wata Waƙa ta Niyi Osundare

Niyi Osundare mutumin Ikere ne, a ƙasar Ekiti ta Yarabawa, an haife shi a 1947. Ɗan manomi ne, ya tashi da fartanya a hannu kafin boko ya ɗauke shi ya kai shi Jami'ar Ibadan, inda ya yi karatu, daga baya kuma ya koyar. A 1986 ya fitar da wani ɗan littafin waƙoƙi da Turanci mai suna The Eye of the Earth, watau Idon Ƙasa, wanda ya ci kyautar waƙa ta ƙasashe renon Ingila a shekarar nan. A cikin littafin ya keɓe wani kashi ga waƙoƙin ruwan sama, ɗaya daga cikinsu kuwa a kan fari ya yi ta, ya sa mata suna Let Earth's Pain Be Soothed. Nufin sunan shi ne a sanyaya wa ƙasa raɗaɗin da take ji.

Wanda ya karanta ta sama-sama zai ɗauka roƙon ruwa ce kurum. Lokacin damina ya yi, ruwa bai sauka ba. Gajimare yana ta wucewa bisa itatuwa da duwatsu. Tuddai sun yi ja, mawaƙin ya kamanta su da dawakin da yunwa ta kayar. Yara suna wasa suna ta da ƙura a filin da aka saba gani kore shar, iri kuwa yana kwance cikin ƙasa bai motsa ba. Daga nan sai ya shiga roƙo, yana ambaton abin da ruwa zai gyara ɗaya bayan ɗaya, tun daga maƙogwaron da ya bushe har zuwa ganyen masara da cikin da ke kugi.

Mutumin Katsina ko na Damagaram da ya ga farin 1972 da 1973 yana iya cewa wannan ai ba fari ba ne, jinkiri ne. Babu mushen shanu a cikin waƙar, babu rijiyar da ta ƙafe, babu garin da ya watse mutanensa suka yi kudu da ƙoƙon bara. Har yara ma suna da ƙarfin wasa. Maganarsa kuwa tana kan hanya, gama Ekiti ƙasar kurmi ce, ruwa yakan fara sauka can tun mutanen Kano ba su gama sharar gona ba. Amma kurmi ma ya ɗanɗana. A 1983 fari ya sauka har bakin teku, gobarar daji ta cinye gonakin koko masu yawa a Gana da ƙasar Kwaddibuwa. Duk da haka, in da nufin mawaƙin ya zana bala'in fari ne kawai, da ya gaza, don abin da ya zana bai kai rabin abin da mutanen Arewa suka gani ba. Lalle nufinsa yana wani wuri.

Mabuɗin waƙar yana cikin amshinta. A can ya ce sama tana ɗauke da maruru, yana fatan ya fashe. Wannan kamance abin a tsaya a duba ne, domin ba haka aka saba siffanta fari ba. Galibin mawaƙa sukan nuna sama fayau, rana tana ƙuna, ko gizagizai babu. Watau fari a wurinsu rashi ne. Shi kuwa maruru ba rashi ba ne, taruwa ce. Abu ne da ya cika ya kumbura a wuri guda, ya ƙi fita, yana hana mai shi barci. Ashe a ganin Osundare ruwan yana nan, an dai riƙe shi ne. Shi ya sa da ya zo kan gajimare bai ce ya bushe ba, sai ya kira shi marowaci, mai dukiyar da ba ya so a taɓa. To, da zarar mai karatu ya ji an ambaci rowa da dukiya, ya san magana ta bar sama ta sauko cikin mutane, don gajimare ba ya rowa.

Akwai kuma wata hikima a cikin zaɓen maruru. Marowaci yana tsammanin abin da ya tara jin daɗi ne, mawaƙin kuwa ya mai da shi ciwo a jikin mai tarawa. Ƙasa tana wahala don ba ta samu ba, sama tana wahala don ba ta bayar ba, magani guda ne zai warkar da su duka biyu.

A tsakiyar waƙar habaicin ya fito fili. Mawaƙin ya bi ƙura yana lissafa inda ta shiga. Ya fara da madafa da wurin cin abinci da ɗakin kwana, waɗanda kowa ya san ƙura takan shiga. Kafin mai karatu ya farga sai ga shi a zauren da manyan kamfanoni ke ƙulle-ƙullensu, da masana'antun da ke sallamar ma'aikata, da gidajen mulki, waɗanda ya yi wa zambo ya haɗa su da gidan karuwai. Ƙurar bazara ba ta shiga ɗakin da aka rufe da gilashi aka sa na'urar sanyaya iska. Wadda ta shiga can wata iri ce dabam.

Wanda ya san shekarun da aka yi waƙar ba ya bukatar dogon bayani. Daga 1981 kuɗin man fetur ya faɗi. A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, masana'antu suka rasa kayan aikin da suke sayowa daga waje, suka shiga rage ma'aikata. Soja suka karɓi mulki ran 31 ga Disamba 1983, a shekarar da ta biyo kuma aka kori ma'aikatan gwamnati masu yawa. Shinkafa da madara da sabulu suka yi wuya, talakawa suna shan layi a rana, alhali wasu sun kimshe kayan a sito suna jiran su ƙara tsada. Wannan sito shi ne marurun nan.

Haɗa ɗaukewar ruwa da halin mutane ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Malamai sukan kawo hadisin da ya nuna hana zakka yana jawo a hana mutane ruwan sama, kuma kafin a fita sallar roƙon ruwa akan umurci jama'a su tuba, su yi sadaka, su mai da hakkin da suka danne. Bambancin shi ne, a filin roƙon ruwa an san wanda ake roƙo, kowa kuma yana ɗora laifi a kansa, sarki da talaka. Osundare bai ambaci wanda yake roƙo ba, laifin kuma bai raba shi daidai ba, ya nuna ɗakunan da ya fi yawa.

Waƙar ba ta rasa aibi ba. Lissafin nan na ƙura, duk da kaifinsa, ya yi kusa da maganar jarida, ya kuma faɗi abin da maruru ya riga ya faɗa a sakaye. Aibi na biyu ya fi wannan girma. Maruru in ya fashe mugunya yake fitarwa, ba ruwan sha ba, fashewar kuma da zafi take zuwa. Mawaƙin ya tsallake wannan, ya nuna kamar da an sami fashewa sai wanka da murna. Sai dai a yi masa adalci, a wata waƙa ta kashin nan ya komo ya nuna yadda hadari kan kwashe rufin ɗakin matalauci. Shi kansa ya ga irin wannan daga baya: a 2005, yana koyarwa a New Orleans ta Amurka, ambaliyar guguwar Katrina ta cinye gidansa da littattafansa, da ƙyar ya tsira shi da matarsa.

Saura tambaya guda wadda waƙar ta bari a buɗe. Maruru in ya nuna ya ƙi fashewa, wanzami ake kira ya yi masa sakiya. A cikin baitocin babu wanzami, babu wanda aka ce ya tashi ya yi wani abu, sai jira da fata. Wasu za su ce wannan rauni ne ga mawaƙin da aka sani da tsaya wa talakawa. Amma a saman waƙar ya rubuta cewa da sarewa ko gangar ruwa za a rera ta, watau ba don karatun mutum guda a ɗaka aka yi ta ba. In an taru a dandali, makaɗi ya kama, jama'a suna karɓar amshi suna ta nanata a fashe, a fashe, wanda ke zaune a zauren kamfani ya ji ta taga ba zai ɗauka da gajimare ake ba.