Sautu Ko Oda? Tsokaci A Kan Fassarar Kalmar “Chumon”

Mai koyon Japananci yakan ci karo da kalmar “chumon” tun a darussan farko, domin da ita ake neman abinci a gidan abinci, ko a sa ɗan kasuwa ya kawo haja. Wani ɗalibina, mutumin Baure, ya kafe a kan cewa “sautu” ce fassararta, wai “oda” bara-gurbi ce daga Ingilishi. Manufar wannan tsokaci ita ce a auna wannan ra'ayi.

A Baure da sauran ƙasar Daura, sautu na bukatar mutum uku: mai kuɗi, da mai tafiya kasuwa, a ce ta Mai'aduwa, da mai kaya. Ginshiƙinsa amana ne, kuma roƙo ne, ba umurni ba. “Chumon” kuwa tsakanin mutum biyu take, kai tsaye, sannan tana da ma'ana ta biyu, wato sharaɗin da wani ya gindaya wa wani.

A kan wannan harshen damo Miyazawa Kenji ya gina labarinsa, “Chumon no Oi Ryoriten”, wanda ya fito a 1924. Wasu mafarauta biyu ne suka ɓata a daji, suka tarar da gidan abinci da ke shelar cewa yana da yawan “chumon”. Suka ɗauka yawan ciniki ake nufi. Ashe su ake ba umurni: ƙofa bayan ƙofa, su ajiye bindiga, su tuɓe, su shafa mai, su barbaɗa wa jikinsu gishiri. Sai a nan suka farga cewa su ne abincin.

Idan mai fassara ya ce “gidan abinci mai yawan sautu”, ya kashe labarin, domin ba a yi wa mutum sautu ya tuɓe rigarsa. Amma “oda” tana ɗauke da fuska biyun a bakin Bahaushe: ɗan kasuwa na yin odar kaya, hafsan soja na ba da oda. Mai karatu zai ruɗu kamar yadda mafarautan suka ruɗu.

Saboda haka kishin harshe bai isa hujjar korar kalmar aro ba. Abin da ya wajaba malami ya koya wa ɗalibi shi ne ya binciki aikin da kalma take yi a muhallinta kafin ya tambayi asalinta.