Tsuntsayen Takarda: Tuna Mamaci ko Rufe Baki?

'Yan kwanakin nan matasanmu na Wuro Patuji suna ta yawo da hotunan tsuntsayen takarda a waya, suna cewa mu ma a haɗa yara su ninke irinsu, kowa ya rubuta fatansa ga duniya, a rataye. Kafin a ce eh ko a'a, gara mu duba inda aka yi abin, mu ga inda ya yi kyau da inda ya zama abin kunya.

Sana'ar ta mutanen Japan ce, suna ce mata origami, wato ninkin takarda. Takarda ɗaya mai kusurwa huɗu daidai wa daida, ba almakashi ba gam, sai ninki kawai har tsuntsu ya fito, mai dogon wuya dangin gaurakarmu. A al'adarsu wai wanda ya ninke guda 1,000 burinsa zai cika.

Abin da ya kai tsuntsun nan duniya labarin wata yarinya ne, Sadako Sasaki. Tana da shekara 2 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a garinsu Hiroshima, ranar 6 ga Agusta 1945. Ta tsira a ranar, amma bayan shekaru sankarar jini ta kama ta. Tana kwance a asibiti tana ta ninke tsuntsaye har ta rasu a Oktoban 1955, tana da shekara 12. 'Yan ajinsu ne suka tashi neman gudummawa, yaran makarantu suka yi ta tarawa, aka gina wurin tunawa da yaran da bam ɗin ya kashe, aka buɗe shi a 1958. Har yau miliyoyin tsuntsaye ake aikawa can duk shekara.

A ganina wannan aiki ya yi kyau, kuma dalilin kyansa uku ne. Na farko, daga ƙasa ya taso, daga waɗanda aka yi wa rashin. Na biyu, akwai sunan mutum a jikinsa. Na uku, yana da buƙata bayyananniya: kada a sake jefa irin wannan bam a kan kowa. Ninkin kansa ma darasi ne. Tsuntsu ɗaya ba komai ba ne, yaro ma zai yi shi kafin shayi ya huce. Amma dubu sai an taru, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To ga ɗaya gefen. A ƙasar Tailan, ranar 25 ga Oktoba 2004, cikin watan azumi, sojoji suka tarwatsa masu zanga-zanga a garin Tak Bai, yankin Musulmin kudancin ƙasar. Aka harbe 7, aka jibge sauran a manyan motoci wani kan wani kamar buhuna, 78 suka mutu a hanya saboda rashin numfashi. Me gwamnatin Thaksin Shinawatra ta yi? Ta sa jama'ar ƙasa suka ninke tsuntsaye kusan miliyan 100, ranar 5 ga Disamba jiragen sama suka zubo su a kan yankin, wai saƙon zaman lafiya. Rikici bai tsaya ba. Shekara 20 suka cika a 2024, wa'adin shari'ar ya ƙare, ba a hukunta kowa ba. Kun ga tsuntsun ɗaya ne, ninkin ɗaya ne, amma wannan daga sama aka zubo shi, ba sunan mamaci ko ɗaya, ba amsa laifi. Ai tafin hannu ba ya rufe rana.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin rashi ba. Daren 1 ga Oktoba 2012 'yan bindiga suka bi gidajen hayar ɗalibai a unguwar nan, suna kiran sunaye suna kashewa. 'Yan sanda sun ce mutum 25, mutanen gari sun ce sun fi haka, Musulmi da Kirista. A 2014 aka ƙwace Mubi gaba ɗaya muka watse, a 2017 aka tayar da bam a masallaci ana sallar asuba. Saboda haka in yaro ya rubuta "zaman lafiya a duniya" ya rataye, mu yi tafi mu ɗauki hoto mu watse, wallahi aikin Tailan muka yi, ba na Hiroshima ba.

Ta fuskar addini kuwa, abu uku zan faɗa. Cewa ninke dubu yana biyan buƙata camfi ne, Allah kaɗai ake roƙo. Surar abu mai rai malamai sun yi magana a kanta, da yawa sun sassauta a kayan wasan yara, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya ninke jirgin ruwa ko tauraro ko fure, sana'ar ba ta tsaya a kan tsuntsu ba. Sannan kada a rubuta aya ko sunan Allah a takardar da gobe iska za ta kai ta kwata.

Kada kuma mu raina namu. Wanda ya taɓa ganin zayyanar allon sauka, ko aikin mai ɗinkin hula, ya san haƙurin hannu ba baƙo ba ne a wurinmu. A sa irin wannan ado a takardun, su yi kama da mu.

Shawarata ga matasa: ku yi, amma ku fara zuwa gidajen da aka yi wa rashi ku nemi izini. Wanda ya yarda, a rubuta sunan mamacinsa. Ku gayyato yaran coci da na Islamiyya su zauna tabarma ɗaya. Kowane fata kuma ya zama abin da za a iya tambayar wani a kansa: fitilar layi, kuɗin makarantar maraya, sintirin dare. Tsofaffin littattafan rubutu sun isa, ba sai an sayi takarda mai tsada ba, kuɗin a kai wa marayun.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da Mubi lafiya. Amin.