Rumbun Siminti Na Gadarif

Matafiyin da ya doshi Gadarif, tun daga nesa zai hangi wani dogon gini ya yi wa sauran gine-gine zarra. Shi ne babban rumbun hatsi, wanda mutanen gari ke kira Sauma'a. An gina shi a shekarun 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyat, domin ya ɗauki tan 100,000 na hatsi. Ba zane, ba ado, sai manyan ganguna na kankare jere da juna.

Waɗansu suna cewa mummuna ne. Ni dai ban yarda ba. Ginin bai yi wa kowa ƙarya ba, gama siffarsa ta faɗi aikinsa, kamar yadda rumbun kakanninmu yake yi. Abin da ya burge Walter Gropius ke nan, Bajamushen da ya kafa makarantar Bauhaus a Weimar a 1919. Tun 1913 ya buga hotunan manyan rumbunan Amurka, yana nuna wa magina su yi koyi. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka tashi sake gina biranen Jamus da bam ya rushe, wannan salo ne ya yi rinjaye: bango a miƙe, rufi a shimfiɗe, siminti da gilashi.

Amma fa mutum ba dawa ba ne. Kuskurenmu shi ne mun ɗauko akwatin siminti muka mai da shi gidan zama, ba mu tambayi ƙasa ba. Baƙar ƙasar Gadarif takan kumbura da damina, ta dare da rani, har bangon bulo ya tsage idan harsashinsa bai yi zurfi ba. A watan Afrilu kuwa, ɗakin bulo mai rufin kwano ya zama tanda. Bukkar ciyawa da ake kira guɗɗiyya ba ta da nauyi, tana shan iska, ko da yake gobara ce babbar abokiyar gabarta.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, dubban iyalai suka yi gudun hijira zuwa Gadarif, kuma dole a yi gini. Mai karatu, darasin Sauma'a ba siminti ba ne. Darasin shi ne, a bar aikin gini ya yanke masa siffa. Aikin ɗaki kuwa, mutum ya kwana cikinsa ya huta.