Tsohuwar Wasiƙa: Adabi Ce Ko Tarkace?

A wani hutu da na je Likoro, wani dattijon malami ya buɗe mini gafakar mahaifinsa. Cikin littattafan fiƙihu sai ga wasiƙa guda da rubutun Larabci, gara ta ci gefenta. Da na tambaye shi ko akwai wasu, sai ya ce an ƙone su tuntuni, don kada a taka sunan Allah. Niyyar mai kyau ce, amma hasarar babba ce.

Mu ɗaliban adabi mun saba da nazarin waƙa da zube da wasan kwaikwayo, mun bar wa masu tarihi wasiƙa. Su kuwa labari kawai suke tsinta a ciki. Dubi littafin da H.F. Backwell ya buga a 1927, fassarar wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari bayan Turawa sun ci birnin a 1903. Littafin ya shafe mu, domin ta hannun Waziri al'amuran Zazzau suke isa ga Sarkin Musulmi. Ba a raina aikin ba, ya nuna mana zullumin da sarakuna suka shiga lokacin zuwan Nasara. To amma fassara ta kawo mana saƙo ne kurum, ta bar wasiƙar a baya.

Me aka bari? Da farko tsari. Marubuci zai fara da Bisimilla da salati, sannan daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa, kafin ya shiga magana. Yawan yabon da ya jera wa mutum, da yadda ya ƙasƙantar da kansa, su ke nuna matsayin kowa. Mai fassara da ya taƙaita wannan don yana ganin surutu ne, ya zubar da rabin ma'ana.

Na biyu hannu da hatimi. Yawancin wasiƙun zamanin ba su da kwanan wata, saboda haka hatimin sarki da hannun magatakarda su ke taimaka wa mai bincike ya gane lokacinsu. Ita kanta takardar shaida ce. Ɗaga ta sama wajen haske, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku, alamar takardar ƙasar Italiya da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita. Ga tawadar da aka haɗa da ƙaro, ga kaifin alƙalamin da aka fiƙe da hannu.

Na uku fasahar magana. Wanda ya karanta muhawarar Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno a kan jihadi, wadda Bello ya adana cikin Infaƙul Maisuri, ya san wasiƙa fagen gwanintar hujja ce.

Kada mu ɗauka sai wasiƙar sarki ce abin nazari. Ta fatake da ta almajiri zuwa ga malaminsa, musamman ta Ajami, ita ke ɗauke da Hausar da kakanninmu suka yi. 'Yan'uwa, in an tafi hutu a nemi izinin dattawa, a ɗauki hoton abin da ya rage, a sanar da Gidan Arewa a Kaduna ko Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Gara ba ta jiran mu gama digiri.