Fayil Bai San Suna Ba, Lamba Ya Sani

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin matasan da suka karanta kimiyyar kwamfuta, wai ajiye sabar fayil a ofis aikin mutanen da ne, tunda Google Drive da OneDrive sun zo. Idan kuma aka ambaci haɗa asusun Windows da lambar Unix, sai su yi dariya, su ce wannan wahalar tsofaffi ce. Mai faɗin haka bai taɓa zama a ofishin jarrabawa a Kafanchan ko Gidan Waya ranar da layin intanet ya ɗauke ba, malamai na tsaye da sakamakon ɗalibai a hannu. Ko an ba makaranta ma'ajiyar gajimare kyauta, sai da layi ake isa gare ta, wanda kuma ake biya da dala ya ƙara nauyi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Akwatin da ke ƙarƙashin tebur, da batir da inbata, yana aiki ko da duniya ta yanke. To amma akwatin nan galibi Linux ne a cikinsa, ko da an sayo shi da tambarin Synology ko an ɗora masa TrueNAS, kwamfutocin ma'aikata kuwa Windows ne. Dole wani ya sasanta su, kuma sasantawar sana'a ce mai mazhabobinta.

Tarihin ba shi da tsawo. Unix ya fito daga Bell Labs a 1969, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie, kuma tun farko kowane mai amfani lamba ɗaya ce gajera, wato UID. Sifili na shugaba ne, root. A yawancin Linux na yau, mutane na farawa daga 1000. Windows NT, wanda ya fito a 1993, ya zo da SID, doguwar shaida mai farawa da S-1-5-21, sai lambobi uku na domen, sai lambar ƙarshe ta mutum, wadda ake kira RID. Andrew Tridgell, yana ɗalibi a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya a Canberra, ya saki abin da ya zama Samba a farkon 1992, wanda ya ba injin Unix damar magana da yaren raba fayil na Microsoft. Active Directory ya zo da Windows 2000, Samba kuma ta samar da winbind domin ya tsaya a tsakani, yana karɓar SID yana miƙa wa Linux lambar da zai iya riƙewa.

Abin da mai kallo daga waje ba ya lura da shi shi ne faifan ajiya bai san suna ba. Ba a rubuta Bulus ko Hadiza a jikin fayil. Lambar mai shi da lambar rukuninsa kaɗai ake rubutawa. Sunan da kake gani a allo, a lokacin ne injin ya tambaya ya ɗora. Wannan alheri ne a wuri kamar kudancin Kaduna, inda a ofis guda za ka tarar da masu suna Yakubu uku, Bajju da Atyap da Bahaushe, kuma ma'aikaciya za ta yi aure ta canza suna a tsakiyar shekara. A canza sunan asusu sau goma, SID na nan yadda yake. Amma alherin na da sharaɗi: lambar da aka ba wannan SID jiya, dole ita za a ba shi gobe, a wannan saba da kowace saba. Ranar da ta sauya, foldar albashi ta koma hannun wanda bai kamata ba, ko ta zama ta lambar da ba kowa a bayanta. Duk gardamar mazhabobin a kan wannan sharaɗi take.

Ta farko ita ce tdb, kuma ita mutum ke faɗawa idan bai zaɓi komai ba. Aikinta kamar katin asibiti ne: wanda ya riga zuwa shi ke samun lambar farko, a rubuta a littafi. Littafin a nan fayil ne mai suna winbindd_idmap.tdb. Muddin yana nan, lafiya lau. Idan faifai ya mutu, ko wuta ta ɗauke ana cikin rubutu ya lalace, ko aka sake ɗora injin aka manta da shi, sai a sake layi, wanda ya fara shiga ran Litinin ya ɗauki lambar wani. Ko littafin bai ɓata ba, saba ta biyu nata layin daban. Masu Samba da kansu sun keɓe tdb ga asusun cikin gida na injin, a ƙaramin zango irin 3000 zuwa 7999, ba don mutanen domen ba. Wanda ya ɗora ma'aikata ɗari biyu a kanta ya haƙa wa magajinsa rami.

Ta biyu, ad, ita manyan masana ke yabo. Ta dogara da RFC 2307, takardar da Luke Howard ya rubuta a 1998, wadda ta tsara yadda za a ajiye uidNumber da gidNumber a cikin kundin asusu. Wato kowane mutum a rubuta masa lambar Unix a cikin Active Directory, kowace saba ta karanto daga can. A takarda babu abin da ya fi wannan tsafta, kuma jami'ar da ta gaji tsofaffin lambobi na shekara ashirin a kan NFS ba ta da wata mafita. Sai dai da hannu ake cike gurbin. A manta da mutum guda, ba zai ga saba ba sam. A manta da rukunin Domain Users, kowa na iya ɓacewa lokaci ɗaya. A ba mutum biyu lamba ɗaya, Active Directory ba zai hana ba. Microsoft ma ta cire shafin da ake cike waɗannan gurabe cikin sauƙi tun Windows Server 2016. Masu cewa ita ce hanyar ƙwararru suna magana ne daga ofishin da ke da ma'aikata biyar na dindindin a sashen kwamfuta, da littafin ƙa'ida da ake bi. Ina irin wannan ofis tsakanin Kwoi da Zonkwa?

Ni ta uku, rid, nake so, kuma ba na ɓoyewa. Ba ta da littafi, ba ta da gurbin cikewa. Lissafi ne na ɗan firamare: a ɗauki RID, a tara da farkon zangon da aka ware wa domen. Idan zangon ya fara daga 10000 zuwa 999999, ma'aikacin da SID ɗinsa ya ƙare da 1105 zai zama 11105. Administrator, wanda a kowane domen a duniya RID ɗinsa 500 ne, zai zama 10500. Domain Admins 512 ne, ya zama 10512. Domain Users 513, ya zama 10513. Layi biyu ne a cikin smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, ɗaya ya ce rid, ɗaya ya faɗi zango. A kwafe su zuwa wata saba, lambobi su fito iri ɗaya ba tare da injinan biyu sun taɓa gaisawa ba. Ka ɗauki makaranta mai haraba biyu, irin Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, mai reshe a Kaduna da reshe a Kafanchan. Duk makarantar da ke da wannan siffa za ta so ta riƙa kwafe fayiloli daga wannan gari zuwa wancan da dare, da rsync, lambobi na tafiya yadda suke. Da rid, faifan da aka ciro a can aka soka a nan ya san masu shi nan take.

Kyawun bai tsaya a nan ba, domin lissafin yana komawa baya. Ka ga fayil na 11105 a tsohon faifai, babu domen a kusa, babu winbind, ka cire 10000 ka san RID 1105 kake nema. Wanda ya taɓa zama gaban injin da ya ƙi tashi, jerin fayiloli na nuna lambobi tsirara babu suna ko ɗaya, ya san darajar wannan.

Akwai kuma gadon da rid ke ci daga Windows ba tare da ta roƙa ba. A Unix, lambobin mutane da na rukuni jeri biyu ne daban, 1005 na iya zama mutum kuma ya zama rukunin da ba ruwansa da shi. A Windows kuwa mutum da rukuni da kwamfuta duk daga rijiya ɗaya suke ɗiban RID, saboda haka babu biyu da za su yi karo. Sannan Windows ba ta sake ba da RID ɗin da ta taɓa bayarwa. Ma'aikaci ya yi ritaya an goge asusunsa, lambarsa ta tafi ke nan har abada. Ko an buɗe sabon asusu da sunansa harafi da harafi, wata lamba za a ba shi. Kwatanta da useradd na Linux, wanda ke duba lamba mafi girma ya ƙara ɗaya: a goge mutum na ƙarshe, sabon zuwa ya gaji lambarsa da duk fayilolin da ya bari. Rid ta rufe wannan ƙofa ba tare da kowa ya tuna ba.

Mai sa ido zai lura lambobin ba sa bin juna. Yau 11140, gobe 11612. Ba kuskure ba ne. Sabar da ke riƙe da muƙamin raba RID tana ba kowace mai kula da domen ɗauri na 500, kowace ta riƙa ci daga nata, kuma kowace kwamfuta da aka shigar domen ta ci lamba guda. Shi ya sa ƙaramin zango ganganci ne. Wanda ya rubuta 10000 zuwa 20000 don yana ganin ma'aikata ɗari uku ne kawai, wata rana makarantar da ke buɗe wa ɗalibai asusu kowace shekara za ta haye RID 10000, sababbi su kasa shiga, ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba. Lambobi ba kuɗi ake saye ba, tunda Linux ya koma UID mai bit 32 tun kernel 2.4 a 2001, sama da biliyan huɗu. A ware miliyan a huta.

Masu suka na cewa rid ba ta barin a ba kowa irin foldar gida ko harsashin umarni da yake so, kowa samfuri ɗaya. Gaskiya ne, kuma a sabar fayil ba ta dami kowa ba, domin sakatariya ba ta shiga Linux ta buga umarni, folda take buɗewa daga Windows. Suna kuma cewa idan domen ya wuce ɗaya sai an ware wa kowanne zango da hannu. Layi biyu ne ƙari. Autorid, wadda ta zo da Samba 3.6 a 2011, ta ce za ta ɗauke wannan wahala, sai ta riƙa raba zangon 100000 ga duk domen da ya fara bayyana tana rubutawa a nata fayil, wato littafin da muka gudu ya dawo ta taga, ƙarami dai. SSSD na Red Hat yana niƙa SID ɗin domen ya zaɓi yanki mai faɗin 200000, ya fitar da lambobi masu tsawon lambar waya. Yana aiki, ba na musu, amma ba wanda zai yi wannan lissafi a ka, kuma tun Samba 4.8 sabar fayil da ke cikin domen ba ta rabuwa da winbind ko ta yaya.

Abin da ya sa na nace shi ne yadda ake riƙe kwamfutoci a ƙasar nan. A makarantu da asibitocin mishan da sakatariyar ƙananan hukumomi, wanda ya kafa saba sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara, ko ɗalibin koyon aiki na wata shida, ko ɗan kwangila daga Jos ko Abuja da lambar wayarsa ta daina shiga. Takardar miƙa aiki, in an yi ta, shafi ɗaya ce mai kalmar sirri. A irin wannan yanayi ba a auna tsari da yawan abin da yake iyawa. Ana auna shi da yawan abin da baƙo zai iya sake ginawa bayan mai shi ya tafi. Tdb na bukatar fayil ya rayu, ad na bukatar ɗabi'a ta rayu daga hannu zuwa hannu, rid kuwa layi biyu take bukata, waɗanda za a iya rubutawa da biro a manna a jikin akwatin. Littattafan da aka rubuta a Jamus da Amurka ba sa kawo wannan ma'auni, domin can ma'aikaci na iya shekara goma sha biyar a kujera ɗaya.

Wuri guda ne rid ke cizo, kuma ya kamata mai son ta ya faɗa da bakinsa. Tana jefar da lambobi ukun nan na domen, RID kaɗai take kallo. Idan sabar domen ta mutu babu kwafin ajiya, aka kafa sabon domen da suna iri ɗaya, aka sake buɗe asusu, RID zai sake farawa daga ƙasa. Wanda ya samu 1105 a sabon domen zai zama 11105, ya tarar da foldar tsohon 11105 a buɗe gabansa, Linux kuma ba zai ga laifi ba. Maganin shi ne sabon domen a ba shi sabon zango, a ce daga 2000000, domin tsofaffin fayiloli su zama marasa mai shi maimakon su faɗa hannun wani, sannan a bi su da chown ana mayar wa kowa nasa. Wannan aiki yana yiwuwa ne kawai idan akwai jerin sunaye da tsofaffin lambobinsu, wanda ake fitarwa da wbinfo da id tun domen na da rai, a buga a takarda a sa a fayil ɗin ofis. Haka ma mai son tashi daga tdb ya koma rid: ya fitar da jerin tukuna, ya tsayar da Samba, ya canza layukan, ya share ma'ajiyar wucin gadi ta winbind, sannan ya bi fayiloli da izinin da ke kansu lamba bayan lamba. Aikin Asabar ne, lokacin da ba kowa a ofis kuma akwai mai a janareta.