Alƙalamin Marubuci da Injin Mai Ɗab'i

Duk wanda ya zauna gaban masu sayar da littattafai a kasuwar Birnin Kebbi ko ta Argungu ya san Alƙur'ani bugun Kano. In ka buɗe shi sai ka rantse jiya malami ya ɗauke alƙalami daga kansa. Jama'a kan yaba wa marubuci, kamar marigayi Sharu Bala Gabari na Kano, wanda hannunsa ya gama ƙasar Hausa. Yabon kuwa ya cancanta. Amma fa aikin na mutum biyu ne, na biyun ba a ko tambayar sunansa.

Asalin dabarar daga wani Bajamushe ne, Alois Senefelder, a 1796. Ya lura mai da ruwa ba su haɗuwa. Sai ya yi rubutu da abu mai maiƙo bisa dutse, ya jiƙa dutsen, ya shafa tawada, ta kama rubutun kaɗai. Daga baya aka bar dutse, aka koma ɗaukar hoton shafi a zuba shi bisa farantin ƙarfe. Watau ba a jera baƙaƙen gubar, hannun malami shi ke fita yadda yake. Don haka almajiranmu, da suka saba da rubutun allo, suka karɓe shi ba gardama.

To, ga inda gizo ke saƙa. Marubuci yakan yi baƙi da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ruwan ɗorawa. Inji kuwa kowane launi da farantinsa. In mai ɗab'i ya bari farantin ja ya goce ko da faɗin ƙwayar gero, sai wasali ya tashi daga baƙinsa ya hau na kusa. Gardi zai gyara da ka. Yaro ɗan kolo kuwa abin da ya gani shi zai kwafa a allonsa, ya haddace, malam ya yi ta fama.

Na taɓa riƙe bugu biyu na hannu guda. Ɗaya an ƙanƙance shi don tsimin takarda, har cikin mim ya toshe da tawada. Ɗayan an bar shi da girmansa, ana ganin inda alƙalami ya danna da inda ya sassauta. A ganina na biyun kaɗai ya kamata a ce rubutun malamin ne, ko da ya fi tsada. Mai saye dai ya buɗe tsakiya, ya dubi ja tukuna, kafin ya taya.